Ciyawar roba a tsakar gida: ina ruwan sama zai bi?

Tun ƴan shekarun nan, wanda duk ke ratsa sababbin unguwannin Yamai, ko na Maraɗi da Damagaram, idan ƙofar wani babban gida ta buɗe yakan hango wani abu kore shar shimfiɗe a tsakar gida, ko da kuwa a tsakiyar bazara ne, lokacin da babu ɗanyen haki ko ɗaya a cikin gari. Wannan ita ce ciyawar roba, wadda ƴan kasuwa ke shigowa da ita a naɗe kamar darduma, akasari daga ƙasar Sin, ana yanka wa mai saye gwargwadon mitocin da yake bukata. Da farko a filayen ƙwallon ƙafa da gidajen cin abinci aka san ta. Yanzu ta shiga gidajen kwana.

Dalilin karɓuwarta ba ɓoyayye ba ne. Ciyawa mai rai, a watan Afrilu ko Mayu, tana neman wajen lita 7 ko 8 na ruwa kowace rana a kan kowane murabba'in mita, watau fili mai mita 8 a tsawo da mita 5 a faɗi zai sha kusan lita 300 kullum. A gari irin Damagaram, wanda ke zaune bisa dutse, wanda kuma ya shekara da shekaru ana jawo masa ruwan sha daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza, zuba irin wannan ruwa a ƙasa domin ado abu ne da hankali ba ya ɗauka. Ciyawar roba kuwa ba ta shan ruwa, ba a yi mata aski, awaki ba su cinye ta.

Amma fa akwai tambaya guda da mai sayarwa bai cika tayar da ita ba, mai saye kuma ba ya tuna ta sai Agusta ta kama: ruwan saman da ya zuba a kanta, ina zai tafi?

An fara shimfiɗa irin wannan ciyawa a Amurka a 1964, a wata makaranta ta birnin Providence, amma sunanta bai fita ba sai a 1966, sa'ad da aka sa ta a filin wasa mai rufi na Astrodome a birnin Houston, bayan ciyawar gaske ta mutu sabili da rashin hasken rana. Abin lura shi ne filin da ya yi mata suna fili ne mai rufi, inda ruwan sama ba ya taɓa ta. Da ta fito sarari ne aka shiga neman dabarar ruwa, kuma an daɗe ana nema. Yau ana huda bayan shimfiɗar da ƙananan ramuka, tsakanin kowane biyu kamar santimita 10 zuwa 15, kuma hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ba ta amincewa da fili sai idan yana iya wuce da ruwa aƙalla milimita 180 a cikin awa guda. Saboda haka idan mai kanti ya ce ciyawarsa ba ta riƙe ruwa, bai yi ƙarya ba. Ya dai faɗi rabin magana ne. Shimfiɗar rariya ce kawai, tana miƙa ruwa ga abin da ke ƙarƙashinta, kuma abin da ke ƙarƙashin nan shi ne ke yanke hukunci.

Jigawa da laka

Manoman ƙasar nan ba su bukatar a koya masu bambancin ƙasa. Sun san jigawa, mai rairayi, wadda ke shanye ruwa tun kafin hadari ya wuce. Sun san geza, mai tauri, wadda ruwa ke gudu a kanta. Sun kuma san laka ta fadama, baƙa mai danƙo, wadda ke kama ƙafar saniya da damina, ta tsattsage da rani har hannun yaro ya shiga. Ma'aunin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke koyar da shi ga ma'aikatan ban-ruwa ya zo daidai da sanin manoma: ƙasa mai rairayi tana shan milimita 20 zuwa 30 a awa, ƙasa mai gauraye 10 zuwa 20, laka kuwa daga milimita 1 zuwa 5 kaɗai.

Mafi yawan gidajen kudancin Nijar bisa jigawa suke, kuma mai irin wannan gida wahalarsa kaɗan ce. Maganar ta shafi waɗanda suka gina a kwari: gefen Gulbin Maraɗi, kwarin Majiya da kewayen Birnin Ƙonni, ko unguwannin bakin kogi a Yamai kamar Saga da Kirkisoy da Lamorde. Ba banza ba ne ake noman shinkafa a Saga da Kirkisoy. Shinkafa ana kai ta inda ƙasa ke riƙe ruwa, kuma ƙasar da ta riƙe wa shinkafa ruwa ba za ta canza hali ba don an kewaye ta da katangar siminti. Mutanen Maraɗi sun san wannan tun daga kakanni: ambaliyar 1945 ce ta rushe tsohon garin da ke cikin kwari, har aka tayar da shi zuwa bisa tudu. Yau da yake filaye sun yi tsada, birane sun cika, gine-gine suna sake gangarawa wuraren da magabata suka guje wa.

Ga kuma yanayin ruwan kansa. Birnin Landan, wanda yawancinsa ke zaune bisa laka, inda kuma ciyawar roba ta yawaita a bayan gidaje, yana samun wajen milimita 600 a shekara, watau bai ɗara Yamai da wani abin kirki ba. Sai dai na Landan yayyafi ne da ke rarrabuwa cikin wata goma sha biyu, na Yamai kuwa kusan duka yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, a cikin hadura masu ƙarfi waɗanda ɗaya daga cikinsu ke iya zubar da milimita 50 kafin a gama cin tuwon dare. Takardun bayani da ke zuwa tare da kayan an rubuta su ne domin ruwan wasu ƙasashe. Wanda ya bi su ido rufe ya auna rigarsa a jikin wani.

A ɗan yi lissafi, domin lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan murabba'in mita. A ɗauki filin nan mai mita 8 da 5, watau murabba'in mita 40. Ruwan milimita 50 zai zuba masa lita 2000, tano 10 ke nan irin mai cin lita 200. To, a mafi yawan gidaje indararon ɗakuna ma tsakar gida yake kallo. Idan rufin kwano ya kai murabba'in mita 120, ya ƙara lita 6000, jimla lita 8000, tano 40. Lakar da ke shan milimita 5 a awa za ta ɗauke tano ɗaya tak kowace awa a faɗin filin duka: awa 40 kafin ta gama, kusan kwana biyu. Idan mai tsananin danƙo ce, mai shan milimita 1, sai an haura kwana takwas. Alhali kuwa a Agusta ba a cika yin kwana takwas ba tare da wani ruwan ya sake sauka ba.

Akwai wata yaudara da laka ke yi, wadda ta kayar da masu aiki da yawa. Akasari ana shimfiɗa ciyawar ne da rani, lokacin da lakar ta bushe ta tsage. Magini ya zuba bokiti biyu, ruwa ya ɓace nan take cikin tsagogin, sai a ce ƙasar nan ai tana sha. Da ruwan farko ya jiƙa ta sai ta kumbura, tsagogin su rufe ruf, ta koma kamar gindin tukunya. Gwajin gaskiya shi ne a haƙa rami mai santimita 30 a kowane gefe, da zurfin haka, a cika shi da ruwa a bar shi ya kwana domin ƙasar ta ƙoshi, sa'an nan a sake cikawa da safe a riƙa aunawa da sanda. Idan bayan awa huɗu ruwan bai sauka da faɗin tafin hannu ba, to, gidan na bukatar magudana. Matan da ke ginin tukwane suna da nasu gwajin, wanda ya fi sauri: a jiƙa ƙasar a murza ta kamar igiya, a lanƙwasa, wadda ta yi zobe ba ta karye ba, yumɓu ce.

Abin da ke ƙarƙashin kore

Kuskure na farko, kuma mafi yawa, shi ne a share ƙasa a baje yashi a shimfiɗa. Yashi bisa laka cika yake yi da ruwa kamar soso, ya yi laushi, duk inda aka taka ya lotsa, bayan damina ɗaya filin ya zama tudu da kwari. Na biyu shi ne na maginan da suka koyi aiki a wurin gyaran hanya: su kawo jar marmara su daɓe ta da kyau. A hanyar mota wannan daidai ne, domin can so ake ruwa ya gudu ta sama. A ƙarƙashin ciyawa kuwa an ƙara wa tukunyar murfi ne kawai. Na uku shi ne daɓen siminti shafe ba gangare, inda ruwa ke kwanciya tsakanin siminti da roba, ya yi gansakuka, ya yi wari.

Aikin da ke ɗorewa yana farawa da haƙa. Ana cire ƙasa kamar santimita 15, kuma a nan ne ake yin abin da ya fi kome muhimmanci, wanda ido ba zai sake ganinsa ba: gindin ramin, watau fuskar lakar kanta, shi ake ba gangare, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, yana nisantar ɗakuna da katanga. A fili mai mita 8, bambanci tsakanin kai da ƙafa zai kama daga santimita 8 zuwa 16. Masu aiki da dama suna karkata saman kaɗai su bar gindin a shafe, sun manta ruwan ba a sama zai gudana ba, ratsawa zai yi ya sauka har ya tarar da laka, daga nan ne zai nemi hanya. Kuma ba a yin wannan aiki laka tana jiƙe, domin tattaka ta a jiƙe yana toshe ɗan abin da ya rage mata na ƙofofin shan ruwa.

Bisa lakar ana shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri na zaren roba, wanda injiniyoyi ke kira jeyotekistil. Ruwa na ratsa shi, ƙasa ba ta ratsawa. Amfaninsa shi ne ya hana laka hawa cikin tsakuwa da damina, ya kuma hana tsakuwa nutsewa cikin laka. Sa'an nan a zuba fasasshen dutse wankakke, marar gari, kauri santimita 10 ko fiye, a daɓe shi kashi-kashi. Fasasshe ake so, mai kusurwa, domin shi ne ke cije juna. Tsakuwar kogi mai santsi mirginawa take yi ƙarƙashin ƙafa. A samansa a baje ƙananan ɓarɓashin dutse santimita 2 ko 3 domin a sami fuska mai laushi, kana a kawo ciyawar.

Tsakanin duwatsun nan akwai sarari, kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsu. Ke nan santimita 10 na dutse zai ɓoye ruwan milimita 30 da ɗoriya, wajen lita 1300 a filin da ake misali da shi. Wannan taimako ne, amma bai kai lita 2000 da suka faɗo kan filin kansa ba, balle a yi zancen 6000 na rufi. Abu biyu ke fitowa daga nan. Ruwan indararo bai kamata ya taɓa ciyawar ba sam. A tare shi a tano ko a tanki, wanda dama riba ce ga uwargida, ko a ba shi tiyonsa dabam zuwa waje. Na biyu kuma, dutse ma'aji ne na ɗan lokaci. Ramin da aka cika da tsakuwa a cikin laka, ba mafita, kududdufi ne da aka rufe wa fuska.

Mafitar ita ce lambatun ɓoye. A gefen da gangaren ya nufa ana haƙa rami mai faɗin santimita 30, zurfinsa ya zarce gindin filin, a lulluɓe cikinsa da ƙyallen nan, a kwantar da tiyo mai faɗin santimita 10 wanda aka huhhuda, a binne shi da tsakuwa. Hudojin ƙasa suke kallo, ko da yake hankali na ba mutum akasin haka, domin ruwan daga ƙasa yake tasowa ya shiga tiyon. Shi ma tiyon ana ba shi gangaren aƙalla santimita 1 a kowace mita, a kuma bar masa baki mai murfi a can sama, inda za a riƙa zura ruwa ana wanke shi. A Ingila da Amurka ana kiran wannan lambatu da sunan French, har mutane da yawa, da masu fassara a cikinsu, suka ɗauka daga Faransa ya fito. Ba haka ba ne. Sunan wani lauya ne kuma manomi na Amurka, Henry French, wanda ya bayyana dabarar a littafinsa na 1859 a kan janye ruwa daga gonaki.

Sauran tambaya ita ce inda bakin tiyon zai zubar, kuma a garuruwan ƙasar nan nan ne gizo ke saƙa. A unguwanni da yawa titi ya fi tsakar gida tudu, sabili da yashin da iska da ruwa ke tarawa, da kuma marmarar da ake ƙara wa hanya shekara bayan shekara. Rariyar katanga da kakan gida ya huda tana fitar da ruwa, yau shigo da shi take yi. A irin wannan gida haƙa ƙasa ƙara zurfin matsala ne. Abin da ya fi shi ne a ɗaga filin: a kewaye shi da ɗan dakali na bulo, a zuba dutsen bisa ƙasa, ciyawar ta zauna sama da sauran tsakar gida, ruwanta ya fito ta ƙananan ƙofofi a gindin dakalin ya bi hanyar da aka shirya masa. Wasu kuma suna haƙa rijiyar shanye ruwa. Ita ma ba ta aiki sai idan ta huda lakar ta tarar da rairayi a ƙasa, kuma masu haƙar rijiya na unguwa sun fi kowa sanin ko a gaba nawa ake samunsa. Inda ruwan ƙasa ke kusa, kamar a wasu sassan kwarin Gunti Yena a Yamai, rijiyar cika za ta yi daga ƙasa tun kafin a zuba mata kome. Dokar gini ta Ingila ta hana a haƙa irinta ƙasa da mita 5 daga gini, kuma wannan ma'auni ne mai kyau a ko'ina. A nisanta ta kuma daga rijiyar sha da salga, a rufe bakinta domin yara da sauro.

Katangar maƙwabci

Da a ce abin da ke cikin haɗari ado ne kaɗai, da maganar ba ta cancanci shafi guda ba. Laka mai kumbura, idan gefe ɗaya na harsashin gini ya jiƙe ɗaya gefen yana bushe, ɗaga ginin take yi ta karkace shi, kuma daga nan ne tsagar da ke tasowa daga kusurwar taga ke samo asali. Gidan siminti yakan tsage ya tsaya. Ginin ƙasa kuwa ta gindi yake mutuwa: tubali yana tsotsar laima daga ƙasa kamar lagwani, ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi. A daminar 2024, wadda ta hallaka mutane kusan 400 a Nijar, ta kuma shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, jihar Maraɗi na kan gaba, da yawa daga cikin mamatan rushewar ɗakuna ce ta kashe su. A farkon Satumban wannan shekara tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, shi ma ya faɗi. Babu mai cewa ciyawar roba ce ta jawo wannan. Amma a birane inda babban gida na siminti ke jingine da ɗakin ƙasa na talaka, tano 40 na ruwa da aka tara a jikin katanga ɗaya, ko aka sako ta rariya zuwa lungun da maƙwabci ke kwana, ba ƙaramin abu ba ne. Mai shimfiɗa ciyawa ya kamata ya zaga bayan katangarsa ya ga abin da ke can kafin ya zaɓi gefen da gangare zai nufa, idan kuma ruwan titi zai fita, ya nemi shawarar ma'aikatar magajin gari. Tun ran gini ran zane.

Sai kuma sauro. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne a zafin damina, kuma lissafin da ya gabata ya nuna laka na iya riƙe ruwa har tsawon haka. Ruwan da ke ɓoye cikin tsakuwa sauro ba ya kai gare shi. Wanda ya kwanta a lotsattsen wuri bisa ciyawa, ko a bakin tiyo, shi ne gidansa.

Ko aikin ya yi kyau, ƙasar nan tana da nata abin da ke toshe shi. Ƙurar hunturu tana sauka wata da watanni, ta shige tsakanin zaren, ruwan farko ya mayar da ita taɓo ya cusa ta cikin hudojin. Share ta da tsintsiya mai ƙarfi a watan Mayu, kafin hadari, ya fi kowane gyara arha. Ruwan wanki da na wanke-wanke ba wurinsu ba ne, domin sabulu da maiƙo suna liƙe ƙyallen da ke ƙasa. Ragon layya da aka ɗaure a kanta mako biyu zai bar warin da sai an yi ta kwarara ruwa kafin ya tafi, garwashi ɗaya daga murhun shayi kuwa ya isa ya narkar da ita ya bar tabo. Da tsakar ranar bazara fuskarta na iya wuce digiri 60 na zafi, ta ƙona tafin ƙafar yaro, har wasu su koma yayyafa mata ruwan da aka saye ta domin a tsimi. Shi ya sa inuwar bedi ko ta mangwaro ke yi mata amfani, muddin ba a kusantar da saiwarsu ga tiyon ba.

Ciyawar kanta shekara 10 zuwa 15 take yi, a ranar Sahel wataƙila ƙasa da haka, kana ta zama tarin roba da za a rasa inda za a kai, a ƙasar da tun 2014 ta kafa dokar hana ledoji amma har yanzu ledojin ke toshe mata magudanu. Dutsen da tiyon da ke ƙasa kuwa, idan an yi su daidai, za su karɓi shimfiɗa ta biyu da ta uku, ko su zauna ƙarƙashin farin yashi idan mai gida ya gaji da kore. A takardar farashin da ɗan kwangila zai kawo, layin da ya kamata a fara dubawa shi ne na haƙa da dutse da tiyo. Idan babu shi, ko an rubuta yashi kawai, a tambaye shi santimita nawa ne gangarensa, da kuma inda bakin tiyonsa zai fita.